Ɓarawon Bango

Bango ɗaya ne tak tsakanin tanderun narka ƙarfe da ɗakin Baba, kuma Baban ne ya gina su duka biyun, wai don ko atishawa wuta ta yi ya ji. Marigayiya Inna har ta koma ga Mahaliccinta tana mitar wannan gini. Cewa take ita ba ɗaki aka kawo ta ba, a kan murhu aka ɗora ta. Man shafawarta kullum a narke, kyandir in ta ajiye da safe kafin la'asar ya durƙusa. In ta fara, sai Baba ya dafa bangon da tafin hannu ya girgiza kai.

"Ke kina kukan zafi, ni ina kukan gawayina. Wannan ɗumin da kike ji ɓarawo ne. Na sayi gawayi don ya narka mini ƙarfe, shi kuma ya sulale ta bango ya zo yana gasa miki baya a banza."

"To ka kama shi mana, sarkin ƙarfi."

"Zan kama shi. In ban kama ba, Tartsatsi za ta kama."

Tartsatsi ita ce 'yarsu, ita kaɗai Allah ya bar musu. Tun tana tatata ta samo sunan, don duk inda aka ce kada a gan ta a filin zubi, can za a gan ta, ta faɗo tsakanin ƙafafun ma'aikata ta kuma ɓace kafin a ɗaga murya. Yau ga ta da furfura a gaban goshi, ita ke riƙe da gidan zubin gaba ɗaya, tun daga sayen tsoffin ƙarafa har lodin murafun kwalbati da farantan injin niƙa da suke zubawa. Ma'aikata Uwar ɗaki suke ce mata, 'ya'yanta su ce Mama, mijinta kuwa in yana jin tsokana ya ce Manaja. Mutum ɗaya ne a duniya ke kiranta Tartsatsi, shi ma ba kowane lokaci ba.

Don Baba ya tafi, saura kaɗan. Injin hura iska ya cinye masa kunnuwa, sai an kai baki dab da na hagu yake ji. Leƙen wuta ta ɗan ramin da ake duba narkewar ƙarfe ya cinye masa idanu, inuwa-inuwa kawai yake gani. Sannan tsufa ya zo ya bi ta kan abin da ya rage. Ƙanwarsa ce ke jinyarsa, wadda Tartsatsi ke ce wa Gwaggo, amma rabin lokaci da sunan uwarsu yake kiranta. Wani sa'in ya nemi takalminsa wai zai makara zuwa makaranta. Sai dai hannun nan nasa na dama bai manta komai ba. Kowace safiya Gwaggo za ta zaunar da shi a bakin gado, ya lalubi bango, ya kifa tafinsa, ya yi shiru. Sai ka ga fuskar tana warwarewa a hankali.

"Jiya kun yi zubi," zai ce. "Kun kuma cika mata gawayi, kamar a bakin hanya kuke tsinto shi. Wa ke nan? Tartsatsi, ke ce?"

"Ni ce, Baba. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Miƙo hannunki in ji. Kai, wannan yarinya, ba kya cin abinci ne? Mijin naki me yake yi?"

Abin ba ya daɗewa. Kafin shayin da ke hannunta ya huce ya sake lulawa inda yake lulawa. Amma wallahi don wannan ɗan lokacin take tashi da safe, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. In mai sayen kaya ya ce zai zo da sassafe, sai ta ce masa ya bari sai hantsi, tana da ganawa da babban mutum.

Bangon ba ya hucewa, don mai kauri ne, kafin ɗumin zubin yau ya gama fita an sake kunna wuta. Sai fa in an yi rashi. Wannan dokar Baba ce tun ranar da ya buɗe gidan. In wani nasu ya rasu, ko ma'aikaci ko iyali, ba a kunna tanderu sai bango ya yi sanyi ƙalau, a ƙara masa kwana, sannan a kunna. Ranar da aka kunna an share makoki ke nan, kowa ya goge ido ya ɗauki shebur. Haka aka yi wa wani direbansu, haka aka yi wa Inna. Kowa a gidan ya san wannan doka, Tartsatsi kuwa ta fi kowa saninta. Ita ce ma ta kunna wutar bayan Inna, don ranar hannun Baba ya kasa riƙe ashana.

To, sai gawayi ya fara wuya. Gawayin kwal ne tanderun ke ci, irin mai taurin nan mai huji-huji, kuma motar da ta saba zuwa a cike sai ta koma zuwa da rabi, rabin ma duk gari. Maƙwabtansu masu irin sana'ar suka fara rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Tanderun Baba kuwa ko a jikinsa. Ci yake kamar ba gobe, yana kuma amayar da harshen wuta ta sama har tsuntsaye sun daina bi ta kan rufin. Tartsatsi ta nemo wani injiniya, mutum mai sanyin magana, ya zo da wata 'yar na'ura da yake nuna wa abu ta faɗi zafinsa. Ya zagaya tanderun, ya nuna ta sama, ya nuna ta gefe, ya nuna ta bangon ɗakin Baba, ya yi murmushi.

"Ranki ya daɗe, ke fa unguwa kike ɗumamawa. Shi ƙarfen, ragowa yake samu."

Dogo, wanda shi ke lodin tanderun tun zamanin Baba, ya ja tsaki. "Ragowar nan dai ita ta yi mana aure, ita ta raɗa wa 'ya'yanmu suna."

Injiniya bai ji haushi ba. Ya ce tanderun lafiyarsa lau, tsirara ne kawai yake. A sake masa bulon ciki, a jera wani bulo marar nauyi a bayansa wanda zafi ba ya ratsawa. Harshen wutar nan na sama kuma a daina kyautar da shi, a rufe, a bi da bututun iska ta cikinsa, yadda iskar da inji ke hurawa za ta isa tanderu da zafinta. Yanzu, in ji shi, iska mai sanyi kuke hura wa wuta, sai gawayi ya ɓata ƙarfinsa wajen ɗumama ta kafin ya waiwayi ƙarfe. Shi kuma bututun a naɗe shi da farar audugar nan da ba ta cin wuta, tun daga sama har inda zai bi ta gefen bango ya shiga gindin tanderu.

Tun kafin ya rufe baki ta amince. Ba don gawayin kaɗai ba. Abin da ta hango shi ne safiyar da za ta durƙusa a kunnen hagun Baba ta ce masa ta kama ɓarawon. Ta ga dariyar da zai yi, har wushiryarsa ta gani. Ana cikin haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi aka kai shi asibiti, sai ta ce to a yi aikin yanzu, kada ƙura da bugun guduma su dame shi, kafin a sallamo shi an gama. A asibitin bai gane kowa ba, ko sau ɗaya. Ba ta damu can ba. Ta ce baƙon wuri ne, bari dai ya koma ɗakinsa.

Kada wani ya ce injiniyan nan ya yi kuskure. Bai yi ba, ko kaɗan. Ranar zubin farko Dogo ya loda gawayi daidai yadda aka ce masa, yana lodawa yana gunaguni wai za a kashe wuta da yunwa. Da aka fasa yumɓun da ke toshe bakin tanderu, ƙarfe ya fito fari tas, yana gudu kamar ruwa, ya cika mazuban yashi har lungunan da a da sai an haɗa da addu'a yake kaiwa. Aka gama zubin yini, tulin gawayi na nan, gefensa kawai aka ɗan yaga. Dogo ya matsa ya kai bayan hannu kusa da jikin tanderun, ya ƙara matsawa, har ya dafa shi. A da ko kusa ba ka isa ba, gashin hannunka zai babbake.

"Ikon Allah," ya ce. "Uwar ɗaki, wannan ai ko jariri a jingina."

Da yammacin ranar aka sallamo Baba. Washegari ta zo da shayinta, har da sabon mayafi, mijinta na yi mata dariya wai Manaja za ta karɓo lambar yabo. Gwaggo ta zaunar da shi, ya lalubi bango, ya kifa tafinsa. Tartsatsi ta durƙusa ta hagunsa, maganar na bakinta, tana jiran fuskar ta warware. Ya matsar da hannun sama. Ya matsar da shi ƙasa. Ya kai kuncinsa ya manna.

"Wa ya rasu?"

A lokacin ta tuna, a lokacin kawai. Ita da ta auna bulo, ta auna bututu, ta bi injiniya da tambaya har ya gaji, ba ta taɓa haɗa dokar gidan da aikin da ta sa aka yi ba. Dogo bai haɗa ba, Gwaggo ba ta haɗa ba. Duk sun tashi ne suna jin ana zagin ɗumin nan, ɓarawo, ɓarawo, ba wanda ya taɓa tambayar me yake yi in ya shiga ɗakin.

"Ba wanda ya rasu, Baba. Gyara muka yi. Ni ce Tartsatsi. Na kama ɓarawon, Baba, na kama shi!"

"Baiwar Allah, ki daina yi mini ihu a kunne. Tambaya nake, wa ya rasu?"

Gwaggo, don ruɗewa, ta ce masa ai matarsa ce, kuma an daɗe. Wayyo! Ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka irin na wanda yanzun nan aka kawo wa labari, yana kiran Inna da wani suna da ba su taɓa jin ya kira ta da shi a gaban mutane ba. Ranar ko ruwa sai da aka yi da gaske ya sha. Da gari ya waye ya manta, ya dafa bango, ya sake tambaya. Gwaggo ta rantse ba za ta ƙara kashe masa mata ba, ta ce masa Inna ta tafi unguwa.

"To wa? Bangon nan ba ya hucewa haka kawai. Ni na gina shi."

A tsakar gida Gwaggo ta tare Tartsatsi, idonta jawur.

"Ke da gyare-gyarenki! Mutum na zaune da ɗan abin da ya rage masa, kin zo kin toshe."

"Gwaggo, shi ya ce in kama. Tun ina goye yake faɗa."

"Ya ce, ya ce. Shi ɗin ya kama ne? Duk tsawon shekarun nan da bakinsa yake kamawa, da safe kuma ya je ya jingina bayansa."

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ta yi wa Tartsatsi ciwo.

Ba abin da ba su gwada ba. Suka jingina hita, abin ɗumama ɗaki na lantarki, a bangon tun asuba. Ya taɓa ya ce wa ke wasa da hankalinsa, wannan zafin a fata yake, na tanderu daga cikin bulo yake tasowa. Suka ɗauke shi a kujera suka kai shi filin zubi ana tsakiyar aiki. Ya ɗaga kai yana neman jan hasken nan na saman rufi, wanda ko da mataccen idonsa yakan kama, babu. Aka ɗora hannunsa a jikin tanderu, ya ji ɗan ɗumi kamar na goshin mai zazzaɓi. Da aka fasa baki ƙarfe ya kwararo, ya juya fuska wajen hasken ya gyaɗa kai. Ya ce lalle masu gidan nan sun iya aiki, amma a mayar da shi gida, bai kamata mai zaman makoki yana yawo a ma'aikatar mutane ba.

Daga nan sai ya shiga bincike da kansa. Kullum da safe zai jero mutanen gida yana tambaya. Dogo fa? A kira Dogo, ya sunkuyo, Baba ya shafa sanƙonsa ya ce to wannan na nan. Ƙanwarsa ga ta. Matarsa ta tafi unguwa. Wata safiya ya tsaya a tsakiyar jerin.

"Tartsatsi ce. Shi ya sa kuke ɓoye mini."

"Haba Yaya, ga ta nan a gabanka!" in ji Gwaggo. "Ga hannunta, taɓa ka ji."

Ya riƙe hannun, ya shafa, ya saki.

"Wannan hannun babbar mace ne. Da yarinyar nan na da rai, da ta shigo ta gaishe ni. Ba ta taɓa fashi ba."

Abin mamaki, komai zubewa yake daga kansa kafin azahar, amma wannan ya zauna daram. Bai ƙara tambayar wa ya rasu ba. Ya sa Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ɗakin saboda masu zuwa gaisuwa. In Tartsatsi ta shigo ta ce ita ce, sai ransa ya ɓaci, jikinsa ya ɗauki ɓari, ya ce a fitar masa da matar nan mai yi wa mutuwa ba'a. Har ta koma tsayawa a bakin ƙofa tana leƙensa kamar mai laifi. Sau da yawa a bayan tulin yashi Dogo ke samun ta, ta toshe baki da mayafi don kada ma'aikata su ji. Baƙin ciki ne wanda ba ta san inda za ta kai ƙararsa ba, don ita ta sa aka yi aikin, kuma aikin ya yi kyau. Ubanta na da rai, tana da rai, bango ɗaya tsakaninsu, amma yana can yana karɓar gaisuwar mutuwarta.

Wata ranar zubi ta zo da filaya a hannu, ta shiga lungun da ke tsakanin tanderu da bango, inda bututun iska mai zafi ya bi.

"Dogo, zo ka kwance mini audugar nan. Daga nan zuwa nan."

Dogo ya dube ta, ya dubi bututun. Shi da ya fi kowa zagin gyaran, yanzu har goge ƙurar audugar yake da hularsa.

"Uwar ɗaki, kin san abin da zai biyo baya. Iska za ta isa da sanyi-sanyi, ƙarfe zai yi nauyi, sai mun ƙara gawayi. Ga motar ba ta zo ba."

"Na sani."

"Injiniya kuwa in ya gani..."

"Shi injiniya ubansa yana gane shi. Kwance."

Ya kwance. Duk abin da ya faɗa kuwa ya faru. Tulin gawayi ya zabge, ƙarfe ya fito ja-ja yana jan ƙafa, wasu murafun suka fito da gefe a gutsure sai an sake narka su. Ko kallonsu ba ta yi ba. Yini ta yi tana zagayawa ta bayan labule tana taɓa bangon lokacin da Baba ke gyangyaɗi. Bango mai kauri ba ya gaggawa. Sai da rana ta yi sanyi ta ji shi, ɗan ɗumi daga can ciki, irin wanda ta sani tun kafin ta san sunanta. Ta jingina goshinta a wurin ta yi hamdala.

Da safe ta zo da shayi, babu sabon mayafi. Ta cire takalmi ta zauna a tabarmar masu gaisuwa, ta yi wa Gwaggo alama da ido kada ta ce komai. Baba ya lalubi bango, ya kifa tafinsa, ya yi shiru. Fuskar ta fara warwarewa. Wallahi ta fara. Girarsa ta ɗaga yadda take ɗagawa a da, bayansa ya miƙe. Shayin hannunta ya soma zuba a kan zanenta, ba ta ma ji zafinsa ba.

"Sun kunna," ya ce.

"Sun kunna, Yaya," in ji Gwaggo, tana dariya tana hawaye.

"Sun kunna." Sai muryar ta karye. "Har sun share makokin. Yarinyar da ta tashi a filin nan, ta fi kowa son wutar nan, ba su iya ƙara mata ko kwana ɗaya ba? Wa ya ba su izini? Ni ban gama ba. Ni ban gama kukan 'yata ba."

Dariyar Gwaggo ta tsaya. Baba bai ɗauke hannun ba, yana ta shafa bangon, kuma ko a cikin kukan mai tanderun da ke cikinsa bai yi shiru ba.

"Ji fa. Ji yadda yake zuba. Ɓarawon ma ƙiba ya ƙara. Da tana nan da ta kama shi. Ni surutu kawai na iya, ita kuwa kanta ya fi nawa, tun tana ƙarama na gani. Ban taɓa faɗa mata ba, kada kanta ya kumbura."

Yabon da ta yi ta jira ke nan, ga shi ya zo. Ta ajiye kofin, ta rarrafa ta hagunsa, ta kai baki dab da kunnen. Sunanta na kan harshenta. Ta tuna ɓarin jikin nan, ta tuna a fitar masa da matar nan. Ta haɗiye shi.

"Da ta kama shi, Baba."

Ya juyo wajen muryar. "Kin san ta ne?"

"Na san ta."

"Allah sarki. Ashe kin san ta." Ya lalubo hannunta ya riƙe, bai saki ba wannan karon. "To ki yi mini alfarma ɗaya, 'yar nan. Ki je ki ce wa Dogo in ji ni, a kashe. A bar bangon ya huce. Ba a gama ba."

"To, Baba."

Dogo na tsaye a bakin filin zubi, hula a hannu, fuskarsa duk tambaya. Ta miƙa masa filayar.

"Mayar da audugar. Ka ɗaure ta da kyau, kada ko kaɗan ya fita."

Ya kalli idonta. Ya ɗauki wayar ɗauri ya shiga lungun, ya daɗe a ciki fiye da yadda aikin ke bukata.

Tanderun na nan yana aiki, kuma gawayin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Masu gidajen zubi daga nesa suna zuwa kallo, su dafa jikinsa su riƙe baki. Tartsatsi ba ta rowar sani. Takan nuna musu bulon, ta nuna musu bututun, ta ba su lambar injiniya. In za su tafi sai ta tambaye su ko akwai mai kwana a bayan bangonsu. Sukan yi dariya, a zatonsu wasa take.

Mai sayen kaya kuwa har yau in ya ce zai zo da sassafe, sai ta ce ya bari sai hantsi. Takan cire takalmi a bakin ƙofa, ta yi sallama, ta zauna a tabarma.

"Baba, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Wace ce?"

"Ƙawarta ce."

"Allah ya ba da lada. Matso nan ta hagu, kunnen nan ya fi. Na taɓa ba ki labarin ranar da ta ɓuya a cikin akwatin yashi, muka tsayar da zubi muna nemanta, uwarta na cewa ni na jawo?"

"A'a, Baba. Ba ka taɓa ba."

"Tartsatsi ke nan," zai ce, yana dariya yana share ido da hannun riga. Sai ya kifa tafinsa a bangon mai sanyi, ya gyara zama, ya fara daga farko.